Yadda sabon mai rubuta manhaja zai tunkari aikin koya wa kwamfuta jin Hausar Maradi

Matashin da ya fara gane kan harshen rubuta manhaja na Python, ya rubuta ƙananan manhajoji biyu ko uku suka yi aiki, ba a jimawa sai tunanin haɗa manhajar da za ta saurari magana ta mayar da ita rubutu ya faɗo masa. Dalilin a fili yake a gari irin Maradi, inda ciniki da zumunci da sanarwar biki duk suke tafiya ta saƙon murya a WhatsApp, kuma inda mutane da yawa masu riƙe da babbar waya suka fi sakewa da magana a kan rubutun boko. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka fitar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar ta ƙara fitowa sarari. Sai dai ya kamata mai niyyar wannan aiki ya sani tun daga farko cewa rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta take bi, shi ne kaso mafi ƙanƙanta a cikinsa. Wahalar tana wajen tara muryoyi, da rubuta abin da aka faɗa bisa ƙa'ida guda wadda ba ta sauyawa, da kuma auna sakamako ba tare da mutum ya yaudari kansa ba.

Kada a fara daga tushe

Kuskuren da ya fi cinye wa sababbin masu koyo lokaci shi ne ƙoƙarin gina komai da hannunsu. Tarihin fannin kaɗai ya isa ya hana mutum wannan ganganci. Na'urar Audrey da aka ƙera a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1952 lambobi goma kawai take ganewa. Shoebox ta kamfanin IBM, wadda aka nuna wa jama'a a 1962, kalmomi 16 ta sani. Sai a 1976 Harpy ta jami'ar Carnegie Mellon ta kai kalmomi 1,011, bayan shekaru biyar ana zuba kuɗin gwamnati a binciken. Whisper kuwa, tsarin gane magana wanda kamfanin OpenAI ya saki a watan Satumba na 2022, da sauti na sa'o'i 680,000 aka horar da shi. Wanda ya ce zai maimaita wannan tafiya shi kaɗai da kwamfutar tafi-da-gidanka daidai yake da telan da aka ba ɗinkin riga ya ce sai ya fara noma audugar tukuna. Aikin da ke gaban mai koyo shi ne ya ɗauko samfuri, wato tsarin gane magana irin Whisper da manyan kamfanoni suka riga suka horar, ya ƙara masa horo da muryoyin mutanen da za su yi amfani da manhajar.

Mataki na farko: a taƙaita aikin

Manhajar da za ta gane duk abin da Bahaushe zai faɗa, daga hirar majalisa zuwa kirarin ƴan kokowa, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A zaɓi fage ƙarami wanda kalmominsa suke da iyaka. Misalin da za a bi a wannan jagora shi ne manhajar da za ta karɓi saƙon murya daga ƴan kasuwar Maradi da Tibiri da Tasawa game da farashin gero da dawa da wake da aya, ta fitar da sunan kaya da ma'auni da kuɗi a rubuce. Kalmomin irin wannan saƙo ba su da yawa, jimlolin gajeru ne, kuma ana iya gane nasara ko faɗuwa nan take, domin ko dai farashin ya fito daidai ko bai fito ba. Tun a nan za a yanke shawarar inda manhajar za ta yi aiki, wato a cikin wayar kanta ba tare da intanet ba, ko kuwa a wata kwamfuta mai nisa da za a riƙa aika mata sautin, domin wannan ne zai ƙayyade girman samfurin da za a iya ɗauka.

Mataki na biyu: a san abin da kwamfuta take ji

Kwamfuta ba ta jin kalma, jerin lambobi kawai take gani. Makirufo yana auna kaɗawar iska sau dubbai a kowace daƙiƙa, kuma yawancin samfuran yau suna son awo 16,000 a daƙiƙa, a layin sauti guda, a fayil irin na WAV. Da yake kowane awo yana cin bayit biyu, sa'a ɗaya ta irin wannan sauti tana kai kusan megabayit 115, lissafin da ya kamata mai sayen mega da kuɗin aljihunsa ya riƙe kafin ya fara ɗora fayiloli a intanet. Whisper yana yanka sautin gunduwa-gunduwa masu tsawon kashi 25 cikin 1,000 na daƙiƙa, yana matsawa gaba da kashi 10 kowane lokaci, ya auna ƙarfin amo daga mai kauri zuwa mai siriri a kowace gunduwa, sannan ya jera awon ya zama kamar hoto. Wannan hoton ne samfurin yake karantawa, daƙiƙa 30 a kowane zubi.

Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a matse da tsarin Opus, saboda haka sai an juya shi da manhajar ffmpeg zuwa WAV mai awo 16,000. Yana da kyau mai koyo ya naɗi muryarsa yana cewa "ƙasa" da "kasa", ya buɗe su a manhajar sarrafa sauti ta Audacity, ya dubi bambancin da idonsa. Wannan ɗan gwaji ya fi karatun babi guda amfani.

Mataki na uku: a gwada abin da yake akwai, kuma a tanadi ma'auni

Kafin a horar da komai, a sauko da samfura biyu ko uku a ba su sautin Maradi a ga yadda za su yi. Whisper yana da Hausa cikin harsunansa, kuma yana zuwa da girma daban-daban, daga tiny mai ma'aunan ciki (wato lambobin da ya koya a horo) miliyan 39, zuwa small mai miliyan 244, zuwa large mai fiye da biliyan ɗaya da rabi. Hausarsa tana da rauni ƙwarai idan ba a ƙara masa horo ba, kuma yana da halin ƙirƙiro jimlar da ba a faɗa ba ko maimaita kalma ɗaya ba iyaka idan ya tarar da shiru ko hayaniya. Akwai kuma MMS da kamfanin Meta ya fitar a 2023, mai gane harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, wanda galibin sautin da aka horar da shi karatun littattafan addini ne cikin natsuwa, nesa da yanayin kasuwa. Lasisinsa bai yarda a yi kasuwanci da shi ba, alhali na Whisper ya yarda, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai fatan sayar da aikinsa wata rana.

Don a kwatanta su da adalci, ana bukatar rukunin gwaji, wato saƙonni na gaske kamar ɗari ɗaya ko biyu da aka rubuta da hannu cikin tsanaki, aka ajiye gefe, ba za a taɓa horar da samfuri da su ba. Ma'aunin da kowa yake amfani da shi, wanda ake taƙaita sunansa da WER, lissafinsa mai sauƙi ne: a tara kalmomin da samfurin ya musanya, da waɗanda ya tsallake, da waɗanda ya ƙara, a raba da yawan kalmomin jimlar asali. Ƙaramar manhajar Python mai suna jiwer tana yin wannan lissafi.

Amma a lura da yadda ma'aunin yake iya ruɗar mutum. A ɗauka, a matsayin misali, an ce "tiyar gero ta kai dala ɗari da ashirin a Tibiri", kalmomi goma ke nan. Idan samfurin ya rubuta "tiyar gero takai dala dari da ashirin a Tibiri", an samu kuskure uku, wato kashi 30 cikin 100, duk da cewa kowane Bahaushe zai fahimci saƙon sarai. Idan kuwa ya rubuta komai daidai amma ya sa "hamsin" a gurbin "ashirin", kuskure ɗaya ne tak, kashi 10 cikin 100, alhali farashin ya tashi daga sefa 600 zuwa 750, kuma wanda ya dogara da shi ya yi asara. Saboda haka a ƙara ma'auni na biyu wanda ya dace da aikin, wato a cikin saƙonni nawa ne kaya da ma'auni da kuɗi suka fito daidai gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: tara muryoyi

Akwai taskokin muryar Hausa da za a iya saukowa kyauta. Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana da sashen Hausa, ko da yake ƙarami ne. FLEURS na Google, mai harsuna 102, yana da sa'o'i kaɗan na Hausar Nijeriya. NaijaVoices ya fi su girma nesa, da kimanin sa'o'i 600 na Hausa. Duk suna da amfani a matsayin tubalin farko, amma suna da hali iri ɗaya: mutane ne suke karanta rubutattun jimloli, galibi da daidaitacciyar Hausa, kuma daga ƙetaren iyaka. Samfurin da ya koyi "lafiya" da "tafi" da "fara" da "yana zuwa" zai yi tuntuɓe idan ya ji "lahiya" da "tahi" da "hwara" da "shina zuwa". Bai taɓa jin "lakwal" ko "kamiyo" ko "buro" ba, balle lambar waya da aka karanta da Faransanci a tsakiyar jimlar Hausa, abin da ake yi kullum a Maradi.

Ke nan babu makawa sai an naɗi muryoyin gida. Yawan masu magana ya fi yawan sa'o'i muhimmanci, domin sa'o'i goma daga bakin mutum hamsin sun fi sa'o'i talatin daga bakin abokai uku. A nemi mata da maza, da tsofaffi da matasa, da mutanen unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na cikin Maradi da kuma na ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, da waɗanda Hausa ba ita ce harshensu na farko ba, kamar Fulani da Buzaye da suke cin kasuwannin nan. Muryar mata ce ta fi wuyar samu idan namiji ne yake aikin shi kaɗai, don haka ya fi kyau a haɗa kai da ƴar'uwa ko abokiyar karatu da za ta shiga gidaje. A naɗa da irin wayoyin da mutane suke riƙewa, a kuma wuraren da za a yi amfani da manhajar, da ƙarar kabu-kabu da injin niƙa da kukan awaki a bayan fage. Sautin da aka naɗa a ɗaki mai shiru da makirufo mai tsada yana ba da sakamako mai kyau a kan allo, ya kuma kunyata mutum ranar da ya fita kasuwa.

Murya mallakar mai ita ce. A bayyana wa kowa abin da za a yi da ita, a naɗi amincewarsa da bakinsa a farkon fayil, a ba shi lamba a maimakon sunansa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Kwashe saƙonnin wani zauren WhatsApp ba da sanin masu su ba cin amana ne ko da doka ba ta kama mutum ba, kuma shirye-shiryen gidajen rediyo ma sai da izinin masu gidan.

Mataki na biyar: ƙa'idar rubutu

A nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin sakaci. Mutane da yawa suna zaton karin sauti da tsawon wasali su ne babbar matsalar Hausa, tun da "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Wannan damuwa ta mai koya wa kwamfuta yin magana ce. Ga mai koya mata ji, abin ya zo da sauƙi, domin duk wanda aka faɗa cikin biyun rubutu ɗaya za a fitar. Matsalar gaske ita ce a rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi da dama. Idan wani mai rubutu ya sa "ƙasa", wani ya sa "kasa", wani kuma "k'asa" ko "qasa", samfurin zai koyi cewa sauti ɗaya yana da amsoshi huɗu, ya riƙa canka tsakaninsu.

Kafin a rubuta jimla ko ɗaya, a zauna a tsara takardar ƙa'ida, kuma duk mai taimakawa ya bi ta. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, dole ne a rubuta su. A zaɓi ɗaya tsakanin ƴ da aka saba da ita a Nijar da 'y ta Nijeriya, sannan a juya duk bayanan da aka sauko daga intanet su koma kan wannan zaɓi. A yanke hukunci kan rabon kalmomi, a riƙa rubuta "ba ni" da "ya ce" da "shi ne" a rabe ko'ina. A kuma kula da alamar hamza ta cikin "sa'a" da "ma'auni", domin tana da siffofi aƙalla uku da ido ba ya bambantawa a Unicode, tsarin da yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kuma kod ɗin tsaftace rubutu da ake kwafowa daga darussan Turanci yakan goge ta tare da waƙafi da aya, "sa'a" ta koma "sa a". Siffar da ke da lamba U+02BC harafi ce a lissafin Unicode, don haka irin wannan gogewa ba ta taɓa ta.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko a rubuta abin da aka faɗa ko abin da littafi ya tanada. Idan dattijo ya ce "na tahi", a rubuta "tahi" ko "tafi"? A ganina a rubuta abin da kunne ya ji, sannan a tanadi jadawali dabam mai mayar da kalmomin yanki zuwa daidaitacciyar Hausa ga wanda yake so. Ta haka samfurin yana koyon dangantaka mai tsabta tsakanin sauti da harafi, kuma ba a shafe Katsinancin Maradi da Gobiranci daga taskar ba. Haka ma kalmomin aro daga Faransanci, a rubuta su da haruffan Hausa yadda ake furta su.

Kuɗi kuma suna da nasu tarko. Ɗan kasuwar Maradi da dala yake lissafi, dala ɗaya sefa 5, jikka ɗaya sefa 1,000. Idan ya ce "dala ashirin", sefa 100 yake nufi, kuma sau da yawa ba ya ma ambaton dalar, "ashirin" kawai zai ce. Kada a ɗora wa samfurin wannan lissafi. A rubuta lambobi da kalmomi yadda aka faɗe su, a bar juyawa zuwa sefa ga wani ɗan kod dabam da za a iya gwadawa a gyara shi cikin sauƙi.

Rubuta sa'a ɗaya ta magana yana cin sa'o'i da dama. Manhajar ELAN, wadda masana harshe suke amfani da ita, tana taimakawa wajen yanka sauti da liƙa wa kowane yanki rubutunsa. A yanka gajeru, ƙasa da daƙiƙa 30, kuma mutum na biyu ya sake sauraren wani kaso don a ga inda masu rubutun suka saɓa.

Mataki na shida: ƙarin horo

Idan bayanai sun kammala, a raba su uku: na horo, na dubawa a lokacin horo, da na gwajin ƙarshe. Rabon ya kasance bisa masu magana, ta yadda muryar da ke cikin rukunin gwaji ba ta cikin na horo ko kaɗan. Wanda ya cakuɗa su zai ga sakamako mai daɗi wanda ba gaskiya ba ne, domin samfurin ya haddace muryoyin ne kawai.

Horon yana bukatar katin GPU mai saurin lissafi, wanda kwamfutocin da ɗalibai suke riƙewa ba su da shi. Google Colab da Kaggle suna ba da aron irin wannan kati kyauta na ɗan lokaci, kuma Whisper small yana shiga cikinsa. Taskar Transformers ta kamfanin Hugging Face tana da kusan duk kod ɗin da ake bukata, abin da ya rage wa mai koyo shi ne ya karanta shi layi-layi har ya fahimci abin da kowane yake yi. Saurin koyo, wato girman gyaran da samfurin yake yi wa kansa a kowane taku, ya zama ƙarami, kamar 0.00001, don kada samfurin ya watsar da abin da ya sani. Da yake wuta tana ɗaukewa, musamman a watannin zafi, intanet ma yana yankewa, Colab kuma yana rufe zama ba sanarwa, a saita horon ya riƙa ajiye inda ya kai a Google Drive a kai a kai, don a ci gaba daga nan maimakon komawa farko. A riƙa duban kuskure a rukunin dubawa, kuma da zarar ya daina sauka alhali na rukunin horo yana ci gaba da sauka, a tsaya, domin hadda ta fara.

Wanda ya gaji da ƙirƙire-ƙirƙiren Whisper yana iya gwada XLS-R na Meta, wanda aka horar da sautin harsuna 128. Shi harafi-harafi yake fitarwa ta wata dabara da ake kira CTC, ba ya ƙago jimla, amma sai an tsara masa jerin haruffan Hausa da hannu, kuma yana ƙara kyau idan aka haɗa shi da ƙaramin samfurin jerin kalmomi da aka gina da manhajar KenLM daga rubutun fagen da ake aiki a kai.

Mataki na bakwai: karanta kurakurai, sannan a kai wa jama'a

Bayan horo, kada a tsaya ga lamba ɗaya. A jera saƙonni hamsin da suka fi lalacewa, a saurare su ɗaya bayan ɗaya, a rarraba su: na mata ne, ko na tsofaffi, ko masu hayaniya, ko masu Faransanci, ko kuwa rubutun hannun ne yake da kuskure tun asali. Abin da wannan rarrabawa ta nuna shi ne zai faɗi irin muryoyin da za a koma a naɗo, kuma za a zagaya tsakanin mataki na huɗu da na shida sau da yawa. Idan an cije, ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, suna da mutanen da suka bi wannan hanya, kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna kusa.

Idan manhajar za ta zauna a waya, manhajar whisper.cpp tana tafiyar da samfurin ba tare da intanet ba, sai dai fayil ɗin small yana kusan megabayit 470 kafin a matse shi, kuma yana nauyi a kan wayoyi masu araha. Bayan an matse shi a sake auna shi da rukunin gwaji, domin matsewa tana iya ƙara kuskure. Idan kuwa a kwamfuta mai nisa zai zauna, a lissafa kuɗin hayarta na wata da megan da mai amfani zai kashe a kowane saƙo. Ko wanne aka zaɓa, manhajar ta nuna wa mutum, ko ta karanta masa, kaya da farashin da ta ji, ta jira ya tabbatar kafin ta aika, kuma da izininsa ta ajiye duk gyaran da ya yi tare da sautin, a zuba su cikin bayanan horo na zagaye mai zuwa.